Sharhi a kan Kafson Doksisaikilin, Maganin Zazzaɓin Kaska da Wasu Ɓoyayyun Cututtukan Huhu

Shekara 11 ke nan ina aiki a sashen ba da magani na wani asibitin gwamnati, kuma a cikin magungunan kashe ƙwayoyin cuta da suke bi ta hannuna kowace rana, babu wanda nake ganin an raina darajarsa, aka kuma jahilci aikinsa, kamar kafson nan da ake rubuta Doxycycline a jikin kwalinsa, wanda masu kemis da ma'aikatan jinya suka gajarce wa suna suke kira doksi. Yawanci yakan zo da nauyin miligiram 100, guda goma a kati ɗaya, launinsa kuma ya danganta da kamfanin da ya yi shi, akwai ma wanda ake bugawa a ƙwaya maimakon kafso. Kamfanin Pfizer ne ya fara fitar da shi a Amurka a 1967 da sunan Vibramycin, amma kariyar mallakarsa ta daɗe da ƙarewa, shi ya sa yau kamfanoni da dama a Indiya da Sin da Malesiya da wasu ƙasashe suke yin sa, farashinsa kuma ya sauko har ya shiga sahun mafi araha a cikin danginsa. Wannan arahar ita ta jawo masa raini, domin mun taso muna jin cewa araha ba ta ado, mara lafiya kuma ya fi natsuwa da allura mai tsada a kan kafson da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ni kaina na daɗe ina miƙa shi ta taga ba tare da na ba shi wani matsayi na musamman ba, sai da rashin lafiyar ƙanin mahaifina ta sa na koma na sake duba shi da kyau.

Baffa dillalin shanu ne, a kara yake wuni tun yana saurayi. A tsakiyar daminar bara waccan zazzaɓi ya kwantar da shi, da ciwon kai mai tsanani da ciwon wuya da tsamin jiki. Kamar yadda kowa yake yi, an sayo masa maganin maleriya a kemis ya sha na kwana 3, jikin bai sauka ba, sai aka ce taifot ne, aka ɗora shi a kan amoksisilin, shi ma ya sha har kwana 5 babu wani sauƙi. Da na je gaishe shi na tarar ya rame, ba ya iya cin komai sai kunu, na roƙe shi ya yarda mu je asibiti. Gwajin maleriya na gaggawa bai nuna komai ba. Likitan da muka samu matashi ne, bai yi gaggawar ɗaukar biro ba, sai ya gyara zama ya ce, "Baba, wace sana'a kuke yi?" Baffa ya ce, "Shanu nake dillanci, likita." Ya ce, "To Baba, kaska tana kama ku?" Baffa ya dube shi da mamaki ya ce, "Ɗana, wanda yake cikin shanu da damina ai ba a tambayarsa kaska, kusan kullum sai na cire ta a jikina." Likitan ya nemi izini ya ja labule ya duba shi tun daga sama har ƙasa, a bayan gwiwarsa ta hagu kuwa ya samu wani baƙin ɓawo mai girman ƙwayar wake, jan da'ira ta kewaye shi, ya sake samun irinsa a matse-matsi, ga kuma kaluluwa ta tashi a gefen. Baffa ya ce ya ga na bayan gwiwar tun kwanaki, amma da yake ba ya ciwo ba ya ƙaiƙayi bai ɗauke shi a bakin komai ba. Likitan ya rubuta doksisaikilin miligiram 100, safe da dare, na kwana 7. Kafin a cika kwana 2 zazzaɓin ya sauka, a rana ta uku Baffa ya nemi tuwo.

Dalilin da ya sa amoksisilin ya kasa, wannan kafso kuma ya ci nasara, shi ne zuciyar dukkan abin da nake son faɗa, kuma ba a gane shi sai an san yadda bakteriya take a gine. Galibin bakteriya suna da wata ganuwa mai tauri da ta kewaye jikinsu, fenisilin da 'ya'yansa irin su amoksisilin kuma aikinsu shi ne hana ginin wannan ganuwa, har ƙwayar cutar ta fashe ta mutu. Sai dai akwai wasu bakteriya da wannan dabara ba ta ci, ko dai saboda ba su da ganuwar kwata-kwata, ko kuma saboda ba sa zama a fili a cikin jini, shiga suke yi su ɓuya a cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum, inda fenisilin ba ya isa da ƙarfinsa. Doksisaikilin bai damu da ganuwa ba. Yana narkewa a cikin mai, saboda haka yakan ratsa cikin ƙwayoyin halittar jiki cikin sauƙi, ya iske bakteriyar a maɓoyarta, ya maƙale a ƙaramin sashen ribozom ɗinta, wato wurin da take ƙera furotin, ya tsayar da aikin. Bakteriyar da ba ta ƙera furotin ba ta hayayyafa, daga nan sai garkuwar jiki ta ƙarasa da ita. Abin da ya ba ni sha'awa da na koma karatu shi ne, bakteriyar da suke da wannan hali na rashin ganuwa ko na ɓuya sun taru ne a gida biyu da mutum ba zai yi zaton suna da alaƙa ba, wato cututtukan da kaska take yaɗawa, da kuma wani rukuni na cututtukan huhu.

Alamomin da aka gani a jikin Baffa su ne sanannun alamomin zazzaɓin cizon kaska na Afirka, wanda Rickettsia africae take haddasawa. Kaskar da take ɗauke da ita a yammacin Afirka ita ce Amblyomma variegatum, babbar kaskar nan mai dogon baki wadda namijinta yake da zane mai launi a bayansa, makiyaya kuma sun san ta sarai domin ita ce take share wa kirci hanya a fatar shanu. Masu bincike sun gano wannan ƙwayar cuta a jikin kaskar shanu a Nijeriya da Nijar da Mali. Ba kamar sauran kaska da suke lafewa a ciyawa suna jiran mai wucewa ba, wannan takan bi mutum ko dabba da kanta, shi ya sa mara lafiya ɗaya yakan zo da baƙin ɓawo biyu ko uku a wurare daban-daban. Idan rikettsiya ta shiga jiki, cikin shimfiɗar jijiyoyin jini take tarewa, ta kumbura su, ɓawon nan kuma fatar da ta mutu ce a daidai inda kaskar ta kafa baki. Ta Afirka ba ta cika kisa ba, amma danginta ba duka suke da wannan sauƙi ba. Rickettsia conorii, wadda kaskar kare take yaɗawa kuma aka fara bayyana cutarta a Tunisiya a 1910, takan yi tsanani ga tsofaffi da masu ciwon suga, ita kuwa Rickettsia rickettsii ta nahiyar Amurka tana iya kashe mai ƙarfi cikin 'yan kwanaki idan ba a fara magani a kwana 5 na farko ba. Howard Ricketts, wanda aka sa wa wannan dangi sunansa, shi kansa wata daga cikinsu ce ta yi ajalinsa a birnin Meziko a 1910 yana tsakiyar bincike a kanta. A kan dukkan waɗannan, da ma Ehrlichia da Anaplasma masu ɓuya a cikin fararen ƙwayoyin jini, doksisaikilin shi ne zaɓin farko, kuma babu wani magani da ya kama ƙafarsa. A nan na ba shi cikakken yabo ba tare da wani tarnaƙi ba.

Wani zai tambaya me ya sa likitan bai tura mu gwaji ba kafin ya rubuta magani. Amsar tana cikin halin ƙwayar cutar. Rikettsiya ba ta tsiro a farantin da ake rainon bakteriya a ɗakin gwaje-gwaje, domin ba ta rayuwa sai a cikin ƙwayar halitta mai rai, gwajin jini mai neman sinadaran garkuwar jiki kuma ba ya nuna komai a makon farko, sai an shiga na biyu, a lokacin kuwa ko dai mara lafiya ya warke ko kuma ya jigata. Gwajin PCR, mai neman sinadarin gadon ƙwayar cutar kanta, idan aka yi shi a kan ɓawon yana iya tabbatarwa da wuri, amma ba a ƙananan asibitoci ake samunsa ba. Saboda haka ƙa'idar da likitoci suke bi a duk duniya ita ce, idan tarihin mara lafiya da alamomin jikinsa sun nuna kaska, a fara magani nan take. Wannan kuwa yana nufin amfanin kafson kacokan ya rataya ne a kan wata tambaya guda da ba a cika yi ba a ɗakunan ganin likita namu, inda layi yake da tsawo, kowane zazzaɓi kuma ake raba shi gida biyu, ko maleriya ko taifot. Wani bincike da aka yi a garin Moshi na arewacin Tanzaniya, aka wallafa a 2013, ya nuna girman wannan giɓi: cikin mutum 870 da aka kwantar saboda zazzaɓi, an yi wa sama da kashi 60 cikin 100 hukuncin maleriya, amma da aka bi diddigi da gwaje-gwaje masu inganci, waɗanda maleriya ce ainihin ciwonsu ba su kai kashi 2 cikin 100 ba, alhali cututtukan bakteriya da ake ɗauka daga dabbobi, ciki har da rikettsiya, sun ɗauki kaso mai yawa. Moshi yanki ne da maleriya ta yi ƙaranci, ba za a kwatanta shi da ƙasarmu kai tsaye ba, inda sauro yake da ƙarfi, amma a ganina darasin ya shafe mu: idan gwajin maleriya bai nuna komai ba, ko an sha magani zazzaɓi bai sauka ba, to lokacin tambayar dabba da kaska ya yi.

A Senegal da Mali da Muritaniya akwai wata kaskar daban, mai laushin jiki, Ornithodoros sonrai, wadda take zaune a ramukan ɓeraye har cikin ɗakunan kwana, ta fito da dare ta sha jini cikin 'yan mintuna ta koma ba tare da mai barci ya ji ba. Ita take yaɗa Borrelia crocidurae, bakteriya mai siffar murɗaɗɗen zare wadda aka samo sunanta daga sunan jaba a Latin. Zazzaɓinta yakan yi kamar kwana 3 ya tafi, ya dawo bayan mako, ya sake tafiya ya sake dawowa, saboda ƙwayar cutar tana sauya rigarta duk lokacin da garkuwar jiki ta gane ta. A ƙauyen Dielmo na Senegal, inda aka shafe shekaru ana bibiyar lafiyar mazauna tun 1990, an samu cewa kimanin mutum 11 cikin 100 suna kamuwa da ita a kowace shekara. Doksisaikilin yana kashe ta, sai dai a nan akwai haɗarin da dole a sani, domin sa'o'i kaɗan bayan shan farko, yayin da ƙwayoyin cutar suke mutuwa da yawa a lokaci guda, mara lafiya yana iya shiga rawar sanyi mai tsanani, jininsa ya sauka, shi ya sa ya kamata a fara maganin a gaban ma'aikacin lafiya. 'Yar uwarta Borrelia burgdorferi, mai haddasa cutar Lyme da aka fara lura da ita a jihar Connecticut a 1975, matsalar Amurka da Turai ce, ita ma da wannan kafso ake yi mata magani a matakin farko.

Ƙwayar cutar da ta haɗa gidan kaska da gidan huhu wuri ɗaya, wadda kuma na fi jin tsoronta saboda irin zaman da muke yi da dabbobi, ita ce Coxiella burnetii, mai haddasa zazzaɓin Q. A 1935 aka sa likita Edward Derrick ya binciki wani zazzaɓi da ya addabi ma'aikatan mayanka a birnin Brisbane na Ostireliya, kusan a daidai lokacin kuma masu bincike a jihar Montana ta Amurka suka ciro wata ƙwayar cuta daga jikin kaska, daga baya aka gane abu ɗaya ne, aka haɗa sunayen Herald Cox da Macfarlane Burnet aka raɗa mata. Kaska tana taimakawa wajen yaɗa ta a tsakanin dabbobi, amma mutum ta numfashi yake ɗaukarta. Takan taru da ɗimbin yawa a mabiyiya da ruwan haihuwar akuya da tunkiya da saniya, musamman wadda ta yi ɓari, idan abin ya bushe kuma sai ya gauraya da ƙura, iska ta kwashe shi zuwa nesa, domin ƙwayar tana jure zafi da bushewa na tsawon watanni, 'yar kaɗan kuma ta isa ta kwantar da mutum. A ƙasar Holan, tsakanin 2007 da 2010, sama da mutum 4,000 ne suka kamu daga gonakin kiwon awaki, har hukuma ta yanka dubban awaki masu ciki don ta shawo kan annobar. Duk wanda ya san yadda akuya take haihuwa a tsakar gida a garuruwanmu, yara suna wasa a gefe, a share wurin da tsintsiya ƙura ta tashi, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Cutar takan zo da zazzaɓi da ciwon kai da limoniya ko kumburin hanta, kwana 14 na doksisaikilin kuma yakan wadatar. Ga wanda yake da lahani a murafen zuciyarsa kuwa tana iya zama ta dindindin, sai an haɗa da wani magani an sha na aƙalla wata 18.

A ɓangaren huhu zalla, wadda ta fi yawa ita ce Mycoplasma pneumoniae, kuma ita ce cikakken misalin bakteriya marar ganuwa. Ƙanƙantarta ta sa aka daɗe ana zaton bairas ce tun da Monroe Eaton ya ware ta a 1944, sai a 1962 aka yi nasarar rainonta a faranti aka tabbatar bakteriya ce. Takan kama yara 'yan makaranta da matasa a wuraren cunkoso kamar makarantun kwana da barikoki, da busasshen tari mai naci na makonni, da zazzaɓi marar tsanani, mutum yana yawonsa amma hoton ƙirjinsa ya fi yadda ake ganinsa muni. Amoksisilin ko kwali nawa aka sha ba zai taɓa ta ba. An saba yi mata magani da azitromaisin, sai dai a Sin yawancin nau'o'inta sun daina jin sa, a can kuwa doksisaikilin ne ya zama madogara. Akwai kuma Chlamydia psittaci da ake shaƙa daga busasshen kashin tsuntsaye, wadda ya kamata masu kiwon tattabaru da aku da masu share akurki su san da ita, a kanta ma wannan kafso ne kan gaba. Legionella pneumophila tana da tarihin da ya sake nuna kusancin gidajen biyu. Bayan limoniya ta kashe wasu daga cikin mahalarta wani taron tsofaffin sojoji a wani otal a Philadelphia a watan Yuli na 1976, wanda ya gano musababbin a Janairun 1977, Joseph McDade, masanin rikettsiya ne, kuma da dabarun neman rikettsiya, wato rainon ƙwayar cuta a jikin ɓeran Masar da cikin ƙwan kaza, ya kama ta. A ruwan ɗumi da ya daɗe a bututu da tankunan manyan na'urorin sanyaya gine-gine take rayuwa. Doksisaikilin yana aiki a kanta, amma idan ciwon ya yi tsanani akwai waɗanda likitoci suke fifitawa a kansa, don haka a nan matsayinsa na biyu ne.

Dole in tsaya a kan inda ba shi da hurumi, domin a nan ne ake yawan cutuwa. Babbar mai haddasa limoniyar da take kashe ƙananan yara ita ce Streptococcus pneumoniae, mai ganuwa ce, a fili take zaune, kuma amoksisilin ne maganinta na farko ga yara bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, ga kuma allurar rigakafinta da Nijeriya ta shigar cikin jadawalin jarirai tun ƙarshen 2014. Yaron da numfashinsa yake sauri, haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki, asibiti yake bukata a wannan rana. Tarin fuka ba ya jin doksisaikilin, duk tarin da ya kai mako 2 sai a kai kaki a gwada, maganinsa na wata 6 kuma kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Mashaƙo, wanda ya yi ɓarna mai yawa a Kano daga ƙarshen 2022, yana bukatar allurar karya dafi da gaggawa. Mura ta yau da kullum bairas ce, haka ma zazzaɓin zubar jini na Kirimiya da Kwango da kaskar Hyalomma take yaɗawa, saboda haka ba kowane zazzaɓin da ya biyo bayan cizon kaska ne wannan kafso zai warkar ba, wanda ya ga jini a dasashi ko hanci ko bayan gida kada ya tsaya a kemis.

Ta fuskar sha, yana da fa'idodi na zahiri a kan tsohon tetarasaikilin, kafson nan ja da yalo da kowa ya sani. Wancan sau 4 ake shan sa a rana kuma ciki babu abinci, wannan kuwa sau 2 ya isa domin yana daɗewa a jini, hanji yana tsotse kusan dukkansa, ana iya shan sa bayan an ci abinci, kuma ba ya taruwa a jikin mai ciwon ƙoda kamar yadda wancan yake yi. Amma yana da nasa aibin, ɗaya daga ciki kuma a jikina na san shi. An taɓa rubuta mini shi, a daren kwana na uku na haɗiye kafson da kurɓi ɗaya na ruwa na kwanta nan take. Da asuba na farka da wani zafi a tsakiyar ƙirji kamar an ajiye garwashi, na yi kusan mako ko ruwa na haɗiya sai na runtse ido, domin kafson ya tsaya ne a bututun da abinci yake bi, ya narke a wurin ya ƙona shi. Tun daga ranar ba na miƙa wa kowa shi sai na ce ya sha da cikakken kofin ruwa, a zaune ko a tsaye, kada kuma ya kishingiɗa sai bayan aƙalla minti 30. Idan aka sha shi ciki babu komai yakan tayar da zuciya har ya sa amai. Yana kuma sa fata ta kasa jure rana, abin da ya shafi manomi da makiyayi da ɗan acaɓa kai tsaye, don haka hula mai faɗi da riga mai dogon hannu suna da amfani a kwanakin shan sa. Ƙarfe da kalsiyam da magnesiyam suna kama shi a hanji su hana shi shiga jini, saboda haka a raba shi da maganin ƙarin jini da farin maganin nan na ƙwannafi da tazarar sa'o'i 2 zuwa 3. Nono da madara ba sa rage ƙarfinsa kamar yadda suke rage na ja da yalo, amma na roƙi Baffa, wanda fura da nono ce abincinsa na rana, ya bar tazara tsakaninsu. Ba a saba ba mai juna biyu shi ba. Game da yara 'yan ƙasa da shekara 8, tsoron da aka gada na ɓata launin haƙora daga tsohon tetarasaikilin ya samo asali, kuma a yau hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka da ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar suna ba da shawarar a ba yaro kowane irin shekaru gajeren zango na doksisaikilin idan ana zargin rikettsiya, amma wannan hukunci ne na likita, ba na uwa ko mai kemis ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai bai shafi maganin kansa ba, yadda muke sayar da shi ne. Lokacin jinyar Baffa, kafin in kawo masa daga wurin aikina, wani yaron gida ya riga ya sayo kati ɗaya a wurin wani mai tallan magani a bakin kara, irin waɗanda suke jera kaya a faranti rana tana dukansu tun hantsi. Da na karɓa na ga takardar bayan katin ta kwaile a gefe, kafso biyu sun yi laushi sun manne da robar, ranar lalacewar kuma ta goge ba ta karantuwa. Ban bari ya sha ko ɗaya ba. Wannan magani ba ya son zafi da haske da laima, wanda zai saya ya duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa, ya fi kuma dacewa ya saya a kantin da yake da rufi da inuwa da ma'aikacin da ya san aikinsa, da takardar likita a hannu. Ga kuma al'adar yanka kati a sayar da biyu ko huɗu ga mai ciwon ciki ko mai ƙuraje, wadda ba ta warkar da komai sai dai ta koya wa bakteriya yadda za su tsira. Bakteriya da yawa sun riga sun mallaki hanyoyin kare kansu daga wannan dangi, wasu suna da famfon da yake fitar da maganin waje, wasu kuma suna da furotin da yake kankare shi daga ribozom, kuma suna miƙa wa junansu waɗannan dabaru. Allurar oksitetarasaikilin da ake ɗirka wa shanu da kaji ba bisa ƙa'ida ba tana ƙara rura wannan wuta, tunda dangi ɗaya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa doksisaikilin a jerin muhimman magunguna, a rukunin waɗanda ya kamata a same su a ko'ina cikin sauƙi, kuma har yanzu rikettsiya tana jin sa sosai, amma na huhu irin su Streptococcus pneumoniae da yawansu sun fara bijire masa.

Baffa ya shanye kwana bakwai ɗinsa cif, ko da yake tun a na huɗu ya so ya daina don ya ji ƙarfi, sai da na ce, "Baffa, ku yi haƙuri ku ƙarasa, saura kaɗan." Ɓawon bayan gwiwar bai faɗi ba sai bayan kusan mako 3, ya bar ɗan tabo mai duhu. Da ya koma kara na saya masa ɗan hantsaki mai siririn baki, na nuna masa yadda zai kama kaska daf da fata ya ja ta a hankali a miƙe, ba tare da ya murɗa ko ya matse cikinta ba, sannan ya wanke wurin da sabulu, ya kuma daina fasa ta tsakanin farata kamar yadda ya saba. Yanzu yakan cusa ƙafar wandonsa cikin safa idan zai shiga garke da damina, da yamma kuma kafin wanka yakan duba hammata da matse-matsi da bayan gwiwa. A daminar da ta wuce ya aiko mini da wani yaronsa mai kora masa shanu, yana fama da zazzaɓin kwana 4 da baƙin ɓawo a ƙarƙashin hammata, ya kuma ba shi saƙo cewa idan ya shiga wurin likita, tun kafin a tambaye shi, ya fara da nuna wurin da kaska ta cije shi.